Ranar da na kusa shayar da Liman burkutu

Ɗan yayata ne ya ja min. Ya zo hutu daga jami'a a Kano, tsakiyar hunturu, muna jin ɗumi a zaure, sai ya hango rumbuna ya ce, "Kawu, ka san lemon malt ɗin nan da kake saya da tsada a kasuwar Ringim, da dawa ake yin sa?" Wai tun 1988 da gwamnati ta hana shigo da sha'ir kamfanoni suka koma kan dawarmu. Ya zarce da labarin Turawa, cewa a Jamus da Ingila in sanyi ya kankama baƙar giya suke nema, har wasu na dafa tasu a gida, kuma baƙin nata daga soyayyen tsiron sha'ir yake. Na ce a'uzubillahi. Ya ce ai tushensu ɗaya da malt, yis ne ya raba su: in ya samu ruwan zaƙi ya ci sukarin, shi ke nan an samu giya. Wannan ɓangaren ban saurara da kyau ba, don lokacin ina lissafin riba a zuci.

Washegari na jiƙa dawa tiya biyu. Na baza ta a tabarma na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, kwana huɗu ta yi tsiro, na shanya. Na karɓi kaskon suyar gyaɗar uwargida na soya tsiron har ya wuce ja ya kama baƙi, hayaƙi ya kori kaji daga tsakar gida. Aka niƙo, na dafa, na tace da mayafinta (wannan shari'ar har yau ba a gama ta ba), na zuba sukari da hannu sake, na ɗura a gorunan roba guda tara na murɗe marafan tam.

Na ɗanɗana. Wallahi ya yi, ɗan ɗaci-ɗaci, kamar ƙanzon tuwo da zuma.

Uwargida ta ce, "Malam, kunun zaƙi ma ba ya kwana biyu, a raba wa yara su shanye." Na ce wannan ba kunu ba ne, aikin kamfani ne. Saboda tausayin kada sanyin jaura ya lalata min kaya, na jera gorunan a ɗakina kusa da kaskon wuta, na rufa musu bargo. Ni na kwana da zani.

Kwana huɗu suna shan ɗumi. Ranar Alhamis bayan Isha'i na gayyato 'yan majalisarmu, har da Liman. Da na ɗauko gorar farko na ji ta yi tauri kamar ganga, gindinta ya kumbura ta ƙi zama a ƙasa. Na ce a raina, to ga gas ɗin ma ya zo da kansa, kamar na kanti.

"Allah gafarta Malam, kai za ka buɗe mana da albarka."

Allah ya taimake ni ya ce in buɗe da kaina. Ina murɗawa marfin ya yi sama ya daki kwanon zaure, kumfa ta yi tsiri ta sauka a rawanin Liman, ta gangaro gemu. Aka yi tsit. Sai wari ya tashi, mai tsami-tsami.

Wani dattijo cikinmu, tsohon direban babbar mota da ya shekara ashirin yana hanyar Jos, ya shinshina sau ɗaya ya ce, "Burkutu ne. Kuma mai kyau."

Duk muka juya muka kalle shi. Ya ce a tasha yake jin warin.

Liman ya miƙe yana salati, ya tambaya ko na sha. Na ce ranar farko kawai. Ya ce ta ranar farko halal ce, sauran a zubar yanzu, kuma kuɗin sabulun rawani a kaina yake. Muna cikin haka muka ji tau! daga ɗakina, sai kuma wata tau! Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, kamfaninka na kira."

Sauran shidan na kwashe su a buhu cikin dare, ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, na tsiyaye su a bayan gari. Da na dawo na tarar da direban a ƙofar gida, wai ya zo ya ji ko akwai wadda ta rage, ya taya ni zubarwa.