Gina aji ba shi ne koya wa yaro karatu ba

Duk wanda ya saba duba rahotannin ƙungiyoyin agaji masu aiki a ƙauyukan Afirka zai lura cewa abin da suka fi alfahari da shi shi ne yawan azuzuwan da suka gina da littattafan da suka raba. Ba na raina wannan ƙoƙari, domin yaron da ke ɗaukar darasi a gindin bishiya ya san darajar rufi idan damina ta kankama. Amma ya kamata masu ba da kuɗin su riƙa tambayar yara nawa ne suka iya karatu, ganin cewa ƙiyasin Bankin Duniya na 2022 ya nuna kusan tara cikin goma na yaran ƙasashen kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi a shekara goma da haihuwa, alhali da yawansu suna zuwa makaranta.

A yammacin Kenya, Michael Kremer, masanin tattalin arziki wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, da abokan aikinsa sun bibiyi makarantun karkara da aka raba wa littattafai, sai suka tarar yaran da dama suke kan gaba ne kaɗai suka ƙaru. Littattafan da Turanci aka rubuta su, harshen da yake na uku ga yawancin yaran. A yankin Busia na Kenyar kuwa, maganin tsutsar ciki mai arha ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, ko da yake zaunar da yaro a aji kawai ya yi, koyarwar tana hannun malami.

A nan ne gizo ke saƙar. Malamin da ba shi da masauki a ƙauye, kuma albashinsa ba ya zuwa a kan kari, ba zai daɗe ba, komai kyan ginin. Abin takaici, horar da shi ya koyar da harshen da yara suke ji ba ya jan hankalin masu ba da tallafi, saboda ba abu ne da ake ɗauka a hoto ba.

Shi ya sa tsarin ƙungiyar agaji ta Mary's Meals, da ya fara ciyar da ɗalibai a Malawi a 2002, yake burge ni: mutanen gari ne suke dafa abincin bisa sa kai, don haka suna ɗaukar aikin nasu ne. Kafin kowace ƙungiya ta haƙa harsashi, wajibi ne ta zauna da iyaye da hukumar ilimi ta yankin, a rubuta wanda zai biya malami da wanda zai gyara rufi bayan ta tattara kayanta ta tafi.