Ƙaramin kibod fili yake ba ka, sauri kuwa daga wani wuri yake

Tun da na koma amfani da ƙaramin kibod, tambaya ɗaya 'yan gem suke ta yi min: wai da gaske yana ƙara wa mutum sauri? Amsata kullum a'a ce. Duk da haka ba zan koma babba ba, kuma ga dalilina.

Cikakken kibod maɓallai 104 gare shi, faɗinsa kusan santimita 44. Wanda ake kira na kashi 60, wato kusan kashi 60 cikin ɗari na cikakken kibod, maɓallai 61 ne kacal, faɗinsa kusan santimita 30. To wannan 'yar tazarar da ke tsakaninsu ita ce maganar gaba ɗaya. Duk wanda ya buga wasan harbi irin Counter-Strike ko Valorant ya rage gudun linzaminsa don saiti ya zauna, ya san abin da nake nufi. Za ka fizgo hannu zuwa hagu don ka juya, sai linzami ya daki gefen kibod, ƙwas, daidai lokacin da abokin gaba ya leƙo. Ɓangaren lambobin nan na dama, wanda ɗan wasa ba ya ko taɓawa, shi ya cinye wurin. Da ka rabu da shi, hannun hagu yana kan W A S D, maɓallan tafiya a wasa, na dama yana nan kusa, kafaɗu su koma mazauninsu. Bayan awa uku a zaune, kafaɗar dama ce ke fara ba da shaida, kuma ni wannan ya fi min komai muhimmanci.

Sauri a ƙarƙashin maɓalli yake, a ɗan injin da ake kira siwic. Ɗauki jan siwic na Cherry MX, na kamfanin nan na Jamus: yana kamawa da ka danna milimita 2, ya dire a milimita 4, nauyin dannawarsa kusan giram 45. Ko a babban kibod ka sa shi ko a ƙarami, aikinsa ɗaya ne. Inda aka sami canji na gaske shi ne siwic mai maganaɗisu, irin na kibod ɗin Wooting 60HE. Da zarar yatsa ya ɗan ɗaga, maɓallin ya saki, ba sai ya dawo wani ƙayyadadden wuri ba. Shi ya sa tsayawa cak ka harba take zuwa da sauƙi. Abin ya yi nisa har a watan Agusta 2024 kamfanin Valve ya hana salon Snap Tap na kamfanin Razer da ire-irensa a wasansa na Counter-Strike 2, wato wanda kibod da kansa yake soke maɓallin hagu da zarar ka taɓa na dama.

Sai dai ina da ƙorafi a kan na kashi 60, kuma masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Babu maɓallan kibiya, babu layin F1 zuwa F12, babu Delete. Komai sai ka riƙe maɓallin Fn ka haɗa da wani. A cikin wasan harbi ba za ka ji ba, amma ka fita ka gyara kalma ɗaya a saƙo, nan za ka ga yatsu suna lalube. Mai buga wasan StarCraft, wanda ya saba ajiye wuraren da kyamarar wasan za ta koma a maɓallan F, gara ya nemi na kashi 75 ko mai maɓallai 87, masu layin F.

Ni dai na kashi 65 na tsaya a kai. Layi ɗaya ya ƙaru a gefen dama, kusan santimita 2, ga kibiyoyi sun dawo, linzami kuma har yanzu yana da filinsa. In za ka saya, don Allah kada fitilu su ɗauke maka hankali. Duba ko ana zare siwic a sa wani ba tare da walda ba, sannan ka nemi murafen maɓallai na robar PBT, domin na robar ABS sukan yi ƙyalli su yi santsi daidai kan W da A, inda yatsa ya fi zama.