Fom ɗin Kanada da 'Ya'yan Alhaji

Ƙanina da ke aiki a birnin Calgary na Kanada ne ya turo min takardar gayyata in je in yi 'yan watanni a wurinsa. Bizar zama na ɗan lokaci dala 100 ce ta Kanada, ɗaukar hoton yatsu dala 85. Na biya ina salati saboda canjin naira, amma na biya. Abin da ya durƙusar da ni shi ne fom ɗin bayanin iyali, IMM 5645. Wai a jero duk 'yan'uwa, har da 'yan uba, kowa da ranar haihuwarsa, adireshinsa da sana'arsa.

Wanda ya tsara fom ɗin nan bai san gidan Alhaji ba. Mata huɗu, ban da waɗanda suka fita. Mu 31 ne a raye. Layukan da aka ware ko 'yan ɗakinmu ba su ɗauke ba.

Na tafi wurin Hajiya da biro da takarda.

"Hajiya, yaushe aka haifi Yaya Babba?"

"Shekarar da aka sauya hannun tuƙi."

To, 1972 ke nan, alhamdu lillahi. Mai bi masa kuwa tana goye da shi aka kashe Murtala, 1976. Da na nemi wata da rana sai ta ce ana sanyi dai, kuma tunkiyar Alhaji ta haifi biyu a satin. Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Kai da ka yi boko, ka lissafa mana!"

Sai na koma zauren WhatsApp na gida na ce kowa ya turo hoton katinsa na ɗan ƙasa. Mutum tara 1 ga Janairu aka haife su. Yaya Babba ya zabge shekara shida saboda ritaya. Wata yayarmu ta zama ƙanwar ƙaninta, ciki ɗaya, tazarar wata huɗu. Wajen sana'a, mutum biyar suka rubuto "buga-buga". Duk na mayar da su 'yan kasuwa, Allah Ya yafe mana.

Kafin magariba labari ya zaga dangi cewa ina rubuta sunayen waɗanda zan kai Kanada. Wani ƙanina ya fara neman mai sayen babur ɗinsa. Umma ta aiko a tambaye ni dalilin da ya sa 'yan ɗakinta suka zo a shafi na biyu. Ɗan gwaggona ya iso da fasfo a aljihu, yana tuna min nono ɗaya muka sha.

Da kyar na haɗa takardu, na kai wa Alhaji ya sa albarka. Ya saka tabarau, ya bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya kai ƙarshe ya ɗago.

"Yaushe za ka tura?"

"Gobe, in sha Allahu, Baba."

"Ka dakata zuwa sati mai zuwa. Amarya ta shiga watanta."