Takardarmu ce aka ɗora wa ƙosai a sakatariya

Wallahi yau ba don na ji nauyin furfurar tsohon masinjan da ke bakin ƙofa ba, da an ji kanmu a sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Ba zan kira sunanta ba, guda 11 ne dai a jihar Gombe, kowa ya ɗauki hular ya gwada wa tasa ya gani ko za ta shiga.

Ni tela ne, da keken ɗinki nake ciyar da iyalina, ban taɓa zuwa ƙofar wani da ƙoƙon bara ba. Amma shekara 14 ke nan muna da 'yar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a garin nan, yara ne matasa, akwai masu acaɓa akwai 'yan makaranta akwai mai wankin mota, biyu daga cikinsu ma da can Kalare suke yi, wato dabar Gombe, gora da adda suka ajiye suka dawo suna haddace magana suna tsayawa gaban mutane. Bana muka ce bari mu yi abin da ya fi na kullum, mu shirya wasa a kan yaƙin Bormi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a hannun Turawa bayan sun ci Sakkwato ya taso da jama'arsa ya nufi gabas, a ƙasar Gombe ɗin nan abin ya faru amma ka tare yaro ɗan sakandare ka tambaye shi sai ya tsaya yana kallonka kamar ka yi masa Larabci. Wata uku muna gwaji a gindin darbejiya bayan isha da fitilar waya. Alkyabbar sarki da rawuna da jar dara ta sojan Bature duk ni na ɗinka da ragowar yadin mutane, takubba kuma na katako ne wani kafinta ya sassaƙa mana sadaka.

Abin da muka roƙa kuwa? Ɗakin taron ƙaramar hukuma, dare ɗaya tak, kwana uku bayan Sallah. Ba mu ce a ba mu ko sisi ba. Janareto namu, mai namu, lasifika aro za mu yi, shara ma mu za mu yi kafin da bayan. Ɗakin da rabinsa an jibge karyayyun kujeru da buhunan da ba wanda ya san na mene ne, silin ya zazzago, jemagu sun yi gida, amma duk Asabar sai ka ji kiɗan biki na tashi a ciki don an ba da shi haya.

Zuwana na biyar ke nan yau. Na farko aka ce in kawo a rubuce, na kawo. Na biyu aka ce ba a karɓar rubutun hannu, na je aka buga min a kwamfuta na yi fotokwafi uku. Na uku oga ya tafi Gombe mitin. Na huɗu fayil na kan teburin darakta, darakta kuma ya je ta'aziyya. Kowane zuwa rufe shago nake yi, ga ɗinkin Sallah ya taru mutane na ta min sintiri.

To yau na samu ogan, wanda aka ce shi ke riƙe da ɓangaren al'adu da walwalar jama'a. Ƙarfe goma sha ɗaya saura na shiga, na yi sallama. Yana kishingiɗe a kujera, ƙafa ɗaya a kan durowa, waya a hannu yana kallon bidiyo yana dariya shi kaɗai. Na sake sallama. Ya amsa a cikin hanci ko ɗagowa bai yi ba. Akwai benci a gefe amma ba wanda ya ce in zauna, sai na tsaya na riƙe hannuna a baya kamar ɗan firamare gaban hedimasta, sai da bidiyon ya ƙare ya shiga wani, shi ma ya kai rabi, sannan ya ce, “Eh, lafiya?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ne na ƙungiyar wasan kwaikwayo, maganar takardarmu ce ta neman ɗakin taro.”

Ya ce, “Wace takarda?”

Ina buɗe baki in yi bayani sai idona ya sauka kan teburin. Ƙosai ne guda huɗu da yaji a gefe, an shimfiɗa musu farar takarda don kar mai ya ɓata tebur. Na gane ta tun daga nesa saboda hatiminmu shuɗi ne, ni na biya kuɗin sassaƙa shi. Mai ya ratsa ta har ana hango katakon tebur ta ciki, sa hannuna na nan a ƙasa yaji ya zauna a kai.

Na ce, “Yallaɓai ai ga ta nan, ita ce a ƙarƙashin ƙosan.”

Kun san me bawan Allahn nan ya yi? Ko a jikinsa. Ya ɗauki ƙosai ɗaya ya dangwali yaji ya kai baki, ya tauna a nitse, sannan ya ja gefen takardar da yatsa biyu ya leƙa ya ce, “Ka ga ai ba ta ɓata ba. Ku kullum sai ku ce muna ɓatar da takardu.” Wato godiya ma yake jira in yi masa.

Ya karanta layi biyu ya tsaya. “Bormi kuma wane ne? Shi ne shugaban naku?”

Jama'a, jami'in al'adu ne fa. A ƙasar Bubayero, wanda ya kafa masarautar Gombe. Albashin al'ada yake ci duk ƙarshen wata. Na haɗiye abin da ya taso min na ce, “Ranka ya daɗe gari ne, can wajen Bajoga, inda aka yi yaƙi da Turawa.” Ya ce, “Oho. To mu ina ruwanmu da yaƙi yanzu, ana zaman lafiya za ku tono mana fitina.” Sai ya kalle ni tun daga hula har takalmi ya ce, “Malam shekarunka nawa?” Na ce 43. Ya ce, “Kuma har yanzu dirama kake yi? Ba ka da sana'a ne?” Wata ma'aikaciya da ke teburin gefe tana ɓare gyaɗa ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki.

Na ce ina da sana'a, tela ne ni. Ya ce to in koma kan kekena ya fi min, don ɗakin taro ba na wasan yara ba ne, kuɗin shiga ake nema da shi, in muna so mu biya kamar yadda masu biki ke biya. Na ce nawa ne, kuma za a ba mu rasit? Nan fa ya sauke ƙafa daga kan durowa, a karon farko ya zauna sosai. “Rasit? Kai odita ne? Aiko ka aka yi?” Na ce a'a, kuɗin karo-karo ne na yara dole in nuna musu inda ya shiga. Ya ce, “Ka ji matsalarku. Mutane na fama da abin da za su ci kuna maganar al'ada. Al'ada ake ci?” Yana faɗa yana lashe yatsa, a kan takardar al'adar.

Baba masinja ne ya shigo ya kama hannuna ya ce, “Ɗana yi haƙuri, zo mu je.” A waje ya ce min shi tun zamanin da ake kawo majigi filin makaranta yake ganin wurin nan, ya ga lokacin da akwai ɗakin karatu da jaridu a ciki, yanzu ɗakin sito ne. Bai ƙara komai ba ya koma kan bencinsa.

Abin da ke ci min rai ba ƙosan ba ne, ƙosai ai abinci ne Allah ya sa masa albarka. Mutanen nan sun san hanyar shagona sarai. Duk ranar da babban baƙo zai zo, ko za a buɗe rijiyar burtsatse ɗaya da aka yi wa fenti, ko kamfen ya kama, da sassafe za ka ga an turo yaro a mashin wai ciyaman na gaisuwa, a fito da 'yan wasa da makaɗa a yi shigar gargajiya. Mu tsaya a rana tun hantsi har la'asar, masu kalangu hannu ya kumbura, 'yan mata an ɗora musu ƙwarya a ka, baƙo ya zo ya yi minti goma a ɗauki hoto, a hau lasifika a ce wannan gwamnati mai kishin al'adunmu ce. A ƙarshe a miƙo shinkafa a leda da ruwan leda biyu-biyu, kuɗin mota kuma “a zo sakatariya ranar Litinin”. Litinin ɗin shekara nawa ke nan ba ta zo ba. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta, kuma mu ne gangar, mu ne kuma ke sake kai kanmu.

Kuma kar wani ya zo min da zancen babu kuɗi, mun gaji da shi. Da can cewa ake gwamnoni ne ke riƙe komai a asusun haɗin gwiwa, ciyaman ɗan kallo ne, albashi kawai yake sa wa hannu. To ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma a daina naɗa kantomomi, muka yi ta murna a shafukan sada zumunta kamar an yi mana bushara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma kowa na jin yadda kuɗin da ake rabawa a Abuja ya ƙaru, mu ne muka biya shi a gidan mai da kasuwa. Ko kuɗin na isowa kai tsaye ko yana biyawa ta wani gida ya kwana, su ta shafa, mu dai a ƙasa ko ƙwan fitila ɗaya ba a canza a ɗakin taron nan ba. Ballantana ma ni me na tambaya da ke buƙatar kasafi? Mukulli ne fa. Mukulli na cikin durowar da ya ɗora wa ƙafa. Tsarin mulkin 1999 da kansa ya lissafa wuraren shaƙatawa da filayen jama'a cikin aikin ƙaramar hukuma tare da kasuwa da tasha, amma kasuwa da tasha kaɗai suke tunawa don can ake yankar tikiti. Filin da muka tashi muna kallon kokawa da dambe bayan kaka, je ka gani yanzu, shaguna ne reras, ba wanda ya san ranar da aka yanka shi.

Sannan gobe in yara suka kwana suna sare-sare a unguwa su ne za su kira taron gaggawa, a tara masu unguwanni da limamai a sha lemo a ce tarbiyya ta lalace, iyaye ba sa kula. Yaro ba filin ƙwallo, ba ɗakin karatu, ba dandali, tashe ma da azumi ya zama abin tsoro, ina kuke so ya je bayan magariba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma waye bai san su wa ke neman yaran nan ba in zaɓe ya matso.

Mu ma jama'ar gari ba mu fita ba. Mai kuɗi zai yi liƙin dubban ɗaruruwa a daren biki ɗaya, ka je masa da maganar kujera hamsin ta haya ya ce ka dawo bayan Sallah. Uba zai hana ɗansa zuwa gwajinmu wai dirama shashanci ce, yaron kuma ya kwana a waya yana kallon abin da uban bai sani ba. Da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya a Disambar 2024 kowa ya ɗora a Facebook yana alfahari, to madalla, amma a garinmu mai busa algaita ɗaya ya rage, ya tsufa haƙora sun zube, ba yaro ko ɗaya a gabansa, badukun da ke ɗinka kayan doki ya koma gyaran takalmi a bakin tasha. Ba wanda ya taɓa zuwa daga sakatariya ya ce musu sannu, sai ranar da ake neman wanda zai yi busa a gaban baƙo.

Takardar na karɓo ta, tana aljihuna, har yanzu warin mai take yi. Ban san yadda zan faɗa wa yaran ba anjima a gindin darbejiya, musamman wanda ke fitowa a Sarkin Musulmi, sati biyu yana tambayata ko za a bar mahaifiyarsa ta zauna a layin gaba.

Ina cikin rubuta wannan bayan la'asar sai ga kira, baƙuwar lamba. Na ɗauka. Muryar ogan ce, da fara'a har da “Malam tela, ya aiki, ya iyali”. Wai ranar Laraba ciyaman na da manyan baƙi, a taimaka a fito da yara da ganguna ƙarfe takwas na safe, kuma wai ya ga a takarda muna da alkyabba da rawuna, a zo da su.