An Toshe Ramukan Laftof, An Bar Mai Saye da Wahalar Adafta

Duk wanda ya sayi sabuwar laftof irin sirarar nan mai tsada a 'yan shekarun nan, ya juya ta hagu da dama yana neman inda zai soka filashinsa bai samu ba, ya san takaicin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ramin filashi mai faɗi da muka saba da shi ya ɓace, ramin HDMI na haɗa ta da talabijin ko majigi ya ɓace, na katin memori ya ɓace, na kebul ɗin intanet kuwa an daɗe da mantawa da shi. Abin da ya rage shi ne ƙananan ramuka biyu, wani lokaci huɗu, masu kama da juna, waɗanda ake kira USB-C, kuma an ce mana wai su kaɗai sun isa komai: caji, hoto, sauti da kwashe bayanai. Ni dai ban yarda an yi wa mai saye adalci ba, domin kamfanonin sun rage wa kansu aiki da kashe kuɗi, sannan suka ɗora nauyin sauyin gaba ɗaya a wuyan wanda ya biya kuɗinsa.

An fitar da ƙa'idar USB-C a shekarar 2014, kuma ba na musun cewa tana da amfani, tunda ana iya soka ta ta kowace fuska ba tare da juye-juye ba. Amma a 2015 kamfanin Apple ya fito da MacBook mai inci 12 wadda, in ban da ramin iyafis, rami ɗaya tak gare ta. Ma'ana, idan kana caji ba za ka sa filashi ba, idan ka sa filashi ba za ka yi caji ba, sai fa in ka ƙara dala 79 ka sayi adafta, wato ɗan mahaɗin da ke samar da ramukan da aka cire, wadda kamfanin da kansa yake sayarwa, bayan ka riga ka zuba dala 1,299 a kan kwamfutar. A 2016 sai ya bi MacBook Pro, wadda aka ce ta ƙwararru ce, ya share mata HDMI da ramin katin SD da tsofaffin ramukan USB da cajar MagSafe mai maganaɗisu. Abin ya kai ga wanda ya sayi iPhone 7 a wannan shekarar ba zai iya haɗa ta da sabuwar kwamfutar kamfani ɗaya da kebul ɗin da ya zo a cikin kwalin wayar ba. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya rage farashin adaftocinsa na ɗan lokaci a watan Nuwamba na shekarar. Duk da haka sauran kamfanoni suka bi sahu: Dell ya cire tsohon ramin USB daga laftof ɗinsa XPS 13 a 2018, a 2022 kuma ya fitar da wadda ko ramin iyafis babu.

Hujjar da ake ta maimaita mana ita ce siranta da rashin nauyi. To, wace siranta ce ta rage wa mutumin da dole ya riƙa yawo da jaka cike da adaftoci da kebula? Nauyin da aka cire daga jikin kwamfutar ya koma cikin jakarsa ne, kuma da kuɗinsa. Wanda ya manta adaftarsa a gida kuwa, kwamfutarsa ta miliyoyin naira ba ta iya abin da tsohuwar tokumbo ta ɗalibi take yi cikin sauƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar cewa wai rami ɗaya ne na kowa da komai, alhali kamannin baki kawai suka zo ɗaya. A laftof guda za ka tarar da ramuka biyu da ido ba ya iya bambanta su, amma ɗaya yana karɓar caji ɗayan ba ya karɓa, ɗaya yana fitar da hoto zuwa allo ɗayan bayanai kawai yake kwashewa. Kebul ɗin ma haka yake. Akwai wanda gudunsa bai wuce megabit 480 a daƙiƙa ba, wato gudun USB 2.0 na shekarar 2000, akwai kuma mai tsananin gudu da ake kira Thunderbolt mai kai gigabit 40, kuma dukkansu baki iri ɗaya gare su. Akwai mai ɗaukar wutar wat 60, akwai mai 100, akwai mai 240 tun daga 2021, amma sau da yawa babu ko rubutu a jikinsu da zai nuna wane ne wane. A da, idan kebul bai dace ba, ba zai ma shiga ramin ba, nan take ka san matsayinka. Yanzu zai shiga lafiya lau, sannan allo ya tsaya baƙi ƙirin, kai kuma ka zauna kana tunanin ko kwamfutar ce ta lalace, ko majigin, ko adaftar. Sayen kebul ya zama sayen kifi a ruwa. Ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar ma ba ta taimaka ba, domin abu ɗaya ta kira shi USB 3.0, daga baya ta ce sunansa 3.1 Gen 1, ta sake cewa 3.2 Gen 1, ta yadda ko mai shago ba ya iya yi wa mai saye gamsasshen bayani.

Kuma lamarin bai tsaya a ɓacin rai ba, akwai asarar dukiya. A farkon 2016 wani injiniyan Google mai suna Benson Leung, wanda ya ɗauki nauyin gwada irin waɗannan kebula yana bayyana sakamakon ga jama'a, ya soka wani da aka haɗa wayoyin cikinsa ba daidai ba, ya lalata masa kwamfutarsa ta Chromebook Pixel. Daga baya a shekarar Amazon ya haramta sayar da kebulan USB-C da ba su cika ƙa'ida ba. Idan haka ta faru da masanin da yake zaune a Amurka, yaya ke nan ga wanda zai shiga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, inda jabu da na gaske suke rataye a ƙusa ɗaya, kuma babu wanda zai biya shi idan injin kwamfutarsa ya ƙone?

A wajenmu wahalar ta ninka, saboda kayan da muke aiki da su ba a sauya su duk shekara. Majigin da ke ɗakunan karatu na jami'o'i da ɗakunan taro da yawa har yanzu mai shuɗin bakin nan ne na VGA, wanda aka ƙirƙiro tun 1987, in an ci sa'a kuma mai HDMI. Na taɓa zama a wani taron gabatar da bincike inda wata ɗaliba ta tsaya riƙe da kan kebul ɗin majigi a hannu ɗaya, laftof a ɗaya hannun, tana duba gefe da gefe, malamai suna jira suna kallon agogo. Aka aika wani ya zagaya ofisoshi neman adafta, wadda aka samo ta shiga amma ba ta fitar da hoto ba. Ƙarshenta sai da aka aro tsohuwar kwamfutar wani ma'aikaci, kuma ko a nan ba a huta ba, tunda filashin da za a kwashe aikin da shi ba shi da ramin shiga a tata kwamfutar. Yarinyar ta fara bayani muryarta na rawa, kan laifin da ba nata ba.

Haka mai ɗaukar hoton biki yake fama, wanda katin kyamararsa SD ne kuma ana jiran hotuna a daren. Haka mai shagon buga takardu, wanda firintarsa da filashin kowane abokin ciniki duk masu tsohon baki ne. Masu cewa a tura komai ta intanet suna magana ne daga ƙasashen da sabis ba ya ɗaukewa kuma kuɗin data ba ya cin albashi. Ga kuma matsalar wuta: idan aka kawo ta na awa biyu, dole rami ɗaya ya tafi ga caja, sai ka rage da guda ɗaya tilo ga sauran aikinka duka. Sannan ramin da ake soka masa abu sau goma a rana shi ne yake saurin sakwarkwacewa, kuma a laftof da yawa an liƙe shi ne kai tsaye a jikin babban allon injin, don haka gyaran da a da ake yi da sauya ɗan ƙaramin soket yanzu ya zama aikin dalma mai haɗari wanda ba kowane mai gyara ne yake iyawa ba.

Shaidar cewa babu wata larura da ta tilasta wannan cirewar ta fito daga hannun wanda ya fara ta. A watan Oktoba na 2021 Apple ya dawo da HDMI da ramin katin SD da MagSafe a sababbin MacBook Pro, bayan shekara biyar mutane suna sayen adaftoci, kuma babu wanda aka mayar wa ko kobo. Kamfanin Framework ma ya nuna tun wannan shekarar cewa ana iya ƙera siririyar laftof wadda mai ita yake zaɓar ramukan da yake so ya kuma sauya su da hannunsa. Su kansu Lenovo da HP da Dell suna barin tsofaffin ramuka a yawancin kwamfutocin da suke sayar wa manyan ma'aikatu, domin sun san ma'aikata mai sayen ɗaruruwa a lokaci guda ba za ta lamunta ba. Mai sayen guda ɗaya ne aka raina.

Tarayyar Turai ta yi dokar da ta wajabta cajin USB-C ga wayoyin salula daga ƙarshen Disamba 2024, ga laftof kuma daga Afrilu 2026, don rage tarin cajojin da ake zubarwa, kuma ina goyon bayan caja ɗaya ga kowa. Sai dai dokar ta ce a sa USB-C ne, ba ta ce a toshe sauran ramukan ba, saboda haka kada wani kamfani ya fake da ita. Abin da nake nema ba shi da wuya: a bar aƙalla tsohon ramin USB ɗaya da HDMI a kowace laftof muddin firintoci da majigai da filashin da ke hannun mutane suna aiki, a rubuta a gefen kowane rami da jikin kowane kebul abin da yake iya yi da lambobin da kowa zai karanta, kuma duk kamfanin da ya nace sai ya cire, to ya sa adaftar a cikin kwalin ba tare da ƙarin kuɗi ba.