Sunan Murphy da takardar haihuwar 'yata

Duk wanda ya zauna a Cork, a kudancin ƙasar Ayilan, ba zai yi mako guda bai haddace sunan Murphy ba. Yana jikin shago, yana jikin motar masu gyaran famfo, yana ƙofar likita, yana kan duwatsun maƙabarta. Shekarata ta farko na ɗauka wani attajiri ne guda ya mallaki rabin garin, irin yadda ake jin Ɗantata a Kano. Daga baya na gane mafi yawansu ba su ma san juna ba.

Ban damu da sanin asalin sunan ba sai da aka haifa mini 'ya a nan, aka miƙo takardar rajistar haihuwa, na ga gurbin da aka ware wa sunan iyali. A al'adarmu amsar a fili take, sunana ne zai bi nata. Amma tsarin nan yana sa ran yaro ya ɗauki sunan ƙarshe na uwa ko na uba, kuma sunana na ƙarshe sunan mahaifina ne. Ke nan a takarda 'yata za ta zama 'yar kakanta. Na kwana biyu abin yana cina, kuma a cikin kwanakin ne na zauna na bi tarihin Murphy.

Asalinsa da harshensu na Gelik Ó Murchadha ne, wasu kuma Mac Murchadha, yanzu an fi rubuta Ó Murchú. Murchadh sunan yanka ne na namiji, an haɗa shi daga kalmar teku da kalmar yaƙi, wato mayaƙin teku. Mac na nufin ɗa, Ó na nufin jika. Da na karanta wannan sai na ajiye wayar na yi shiru, domin ai namu ne sak. Usman ɗan Fodiyo. Nana Asma'u 'yar Shehu. Su ma mace ba ta ɗaukar Ó, tana ɗaukar Ní idan 'ya ce, Uí idan matar gida ce, har sunan ya koma Ní Mhurchú. Bambancin kawai shi ne su sun tsaya a kan kaka guda suka ce daga yau kowa da shi za a kira shi. Sun yi hakan da wuri ƙwarai: tun shekarar 916 aka rubuta mutuwar wani sarki mai suna Ua Cléirigh, wanda ake lissafa shi cikin sunayen iyali mafiya tsufa a Turai. Jikokin Brian Boru, sarkin da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014, su ne O'Brien na yau.

Yawan Murphy kuwa ba daga mutum ɗaya ya fito ba. Murchadh suna ne da ya yi tashe, kamar Muhammadu ko Abubakar a wajenmu, don haka zuriya daban-daban suka tashi da shi a Wexford da Cork da Tyrone da wasu wurare, ba tare da jini ya haɗa su ba. Lokacin da Robert Matheson, wani babban jami'in rajista a Ayilan, ya bi haihuwar da aka rubuta a 1890, ya ƙiyasta masu sunan sun kai 62,600, Kelly na biye da 55,900. Har yau Murphy ne kan gaba. Yunwar da lalacewar dankali ta jawo a Ayilan daga 1845 zuwa 1852 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu kusan miliyan, shi ya sa a yanzu Murphy na Amurka sun fi na gida yawa.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ya burge ni. Ba'amurke zai sauka a Cork da sunansa da takarda ɗaya, ya shiga littattafan coci, ya fito da ƙauyen kakan kakansa. Mu fa? Sani Musa ya haifi Bello Sani, Bello ya haifi Aisha Bello, Musa ya ɓace a hawa na uku. In ba gidan sarauta ko na malamai ba, inda maroƙa da almajirai ke riƙe da salsala, yawancinmu ba ma wuce kakan uba. Sulluɓawa da Yolawa da Dambazawa suna da sunan dangi da ya yi kama da na mutanen Ayilan, amma ba a sa shi a takarda, kuma tsagar fuska da a da take faɗin asalin mutum ta kusa ƙarewa.

Duk da haka ban yarda da 'yan'uwa da ke cewa tsarinmu ci baya ne, gara kowa ya kama suna ɗaya ya huta ba. Su dubi abin da ya sami Murphy kansa. Kalmar ba ta da wata ma'ana a Gelik, kunnen magatakarda Baturen Ingila ne ya ji Murchadha ya rubuta abin da bakinsa zai iya. Tun 1465 aka yi doka cewa ɗan Ayilan da ke zaune a kewayen Dablin, babban birnin ƙasar, ya ɗauki sunan Ingilishi, na gari ko na launi ko na sana'a. A ƙarni na 17 da na 18, lokacin da ƙasa da muƙami suka koma hannun Ingila, mutane suka riƙa yar da Ó da Mac don su samu shiga. Mac Gabhann, ɗan maƙeri, ya wayi gari Smith. Bayan an kafa ƙungiyar farfaɗo da harshen Gelik a 1893 iyalai da yawa sun maido da nasu, O'Sullivan da O'Connell suka dawo da ƙarfi, amma Murphy bai maido ba. Kalmar da ke cewa «jikan wane» ita ce ta faɗi, sai ƙwarangwal ɗin sunan ya rage.

Mu ma an taɓa mu da irin wannan alƙalami. Makarantun boko na zamanin Turawa su suka yawaita liƙa wa yaro sunan garinsu, muka samu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sunaye ne masu daraja saboda masu su, amma ba su faɗin ko ɗan wane ne. Yanzu fasfo da lambar ɗan ƙasa da takardun banki suna ƙarasa aikin: duk sunan da ya faɗa gurbin ƙarshe ranar da aka fara yi maka rajista, shi ke nan ya zama na jikokinka, ko ka zaɓa ko ba ka zaɓa ba. Wannan ne ke damuna. Mutanen Ayilan na farko su suka zaɓi kakan da za su tsaya a kansa, mu kuwa kwamfuta ke zaɓar mana.

Kuma kiran yaro da sunan ubansa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya ce a kira su da ubanninsu. Shi ya sa mace ba ta sauya suna don ta yi aure, tana nan 'yar babanta har ta mutu. Sunan yana ɗora wa uba nauyi, domin duk inda yaron ya shiga, da sunansa ya shiga.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne su kansu ba su bar wannan ba. A yankunan yamma da har yau ake magana da Gelik, irin su Conamara da Donegal, inda rabin ƙauye ke da sunan iyali ɗaya, ba wanda ke kiran maƙwabcinsa da sunan takarda. Sunansa ake faɗa, a bi da na uba, a bi da na kaka, wani lokaci na uwa in ita aka fi sani. In biyu sun yi karo sai a ƙara Mór ko Óg ko Rua, wato Babba, Ƙarami, Ja. Bayan shekara dubu da sunan iyali, in ana son a san mutum da gaske, hanyarmu ake bi.

A ƙarshe na bar sunan mahaifina a gurbin iyali don kada tafiya da makaranta su wahalar da yarinyar, na sa nawa a tsakiya. A gida da masallaci da bakin duk Bahaushen da ke Cork, da sunana ake kiranta. Ranar suna da daddare na kira Goggo, yayar mahaifina, na ce, «Goggo, don Allah ki lissafo mini iyayenmu, daga Baba zuwa sama.» Ta ce, «Kai ɗan nan, sai yanzu ka tuna?» Sannan ta fara jerowa a hankali, tana haɗawa da garin da kowa ya zauna da sana'arsa. Ta kai shida, ta ce daga nan sai dai a tambayi na ƙauye, in akwai sauran tsofaffi. Na rubuta shidan a bayan kwafin takardar haihuwar, na kuma aika wa ƙanena kuɗin mota ya je ƙauyen kafin damina.