Ledar da ka wurga cikin kwata tana nan, ba ta ɓace ba

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Imamu Ahmad ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu da mu kiyayi zunuban da ake rainawa. Ya buga misali da wasu mutane da suka sauka a cikin wani kwari, wannan ya kawo ɗan itace ɗaya, wancan ma ya kawo ɗaya, har suka tara abin da ya gasa musu gurasarsu. Malamanmu sukan kawo wannan hadisi idan suna jan kunne kan gulma da kallon haram da 'yar ƙaryar raha. Yau ina so mu ɗora shi a kan wani abu da yawancinmu ba ma lissafa shi cikin laifi ko kaɗan: ledar fiya wata da muke tsotsewa mu wurga ta tagar mota, da baƙar ledar cefane da muke turawa cikin kwata idan hadari ya haɗo, wai ruwa ya tafi da ita.

To ruwan ya tafi da ita. Ina ya kai ta?

Ganyen da kakanninmu suke ƙunshe daddawa a ciki, idan aka yar da shi, kafin damina ta fita ya zama taki. Ƙwarya ta fashe, ƙasa ta cinye ta. Leda da roba ba haka suke ba. Rana ta dake su su bushe su yi ƙamas, iska da yashi da ruwa su yi ta gugar su, su riƙa daddagargajewa, amma ba su ruɓewa. Babbar leda ta koma ƙanana, ƙananan su koma burbushi, burbushin ya koma abin da sai da madubin likita ake ganinsa. Masana suna kiran duk guntun da bai kai milimita 5 ba da burbushin roba, kuma wani masanin halittun teku a Jami'ar Plymouth ta Ingila, Richard Thompson, shi da abokan aikinsa suka ja hankalin duniya kansa a shekarar 2004, bayan sun tarar da shi a yashin gaɓar teku da cikin ruwan. Ba daga leda kaɗai yake fitowa ba. Tayar mota da ta babur da ke cinyewa a kan kwalta, da zaren tufafin roba da ke zuba a ruwan wanki, duk suna ƙarawa.

Wani zai ce mu da muke Arewa ina ruwanmu da teku? Bi ruwan ka gani. Kwatar unguwa a cikin birnin Kano tana zuba a Jakara, Jakara ta kai madatsar Wasai, inda ake kamun kifi, ake kuma ban ruwan latas da kabeji da tumatir ɗin da ke dawo mana kasuwa. Kogin Kano da Challawa su haɗu su zama kogin Haɗejiya, ya tarar da na Jama'are, su bi ta Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Kogin Kaduna da na Sakkwato kuwa Neja suke faɗawa, Neja kuma ta juye kayanta a Tekun Atlantika. Wani bincike da masana suka yi a Jamus a 2017 ya sa Neja da Nilu cikin manyan koguna goma da suka fi kwasar roba zuwa teku. Ke nan ledar da aka yar a Yamai ko Argungu ko Kaduna tana da hanya miƙaƙƙiya.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya ce a Suratur Rum, aya ta 41: ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, domin Ya ɗanɗana musu sashen abin da suka yi, ko sa dawo. Malaman tafsiri sun fassara ɓarnar nan da fari da ƙarancin albarka da yawan saɓo, kuma ba ni da hurumin in ce ayar don leda ta sauka. Amma duk mai hankali idan ya karanta ta, ya kuma ji cewa an tarar da leda a Ramin Mariyana, wuri mafi zurfi a teku, kusan kilomita 11 a ƙarƙashin ruwa, an kuma tarar da burbushin roba a dusar ƙanƙarar tsaunin Everest, dole jikinsa ya yi sanyi. A 1950 robar da duniya ke ƙerawa a shekara ba ta wuce tan miliyan 2 ba. Yanzu ta haura tan miliyan 400, kuma abin da ake sake sarrafawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran fa? An ƙone, an binne, ko yana yawo a doron ƙasa da cikin ruwa.

Ɗanɗanar da ayar ta ambata kuwa mun fara ta tun a gida. Ka je mayanka da sassafe ka tsaya kusa da mahauta lokacin da suke fasa tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwon bola. Za ka ga an zaro wani dunƙule baƙi-ƙirin, leda ta murɗe da igiyar buhu da tsumma, ya yi tauri kamar dutse, sai an sa hannu biyu. Wannan dabbar ta daɗe tana ramewa, cikinta a kumbure, mai ita yana ta sayen magani bai san ciki ya cika da abin da ba ya narkewa ba. Ita dai ta lashi ledar ne don ɗan gishiri da man da ya rage a jiki. A hadisi an ce wata mata ta shiga wuta saboda ta ɗaure kyanwa ta hana ta abinci, mu kuma muna cika wa dabbobin mutane ciki da leda, muna ganin ba komai.

Wannan wanda ido ke gani ke nan. Wanda ba ya gani shi ne wanda kifi ke haɗiya yana zaton abinci ne, ƙaramin kifi babba ya cinye shi, babban ya zo kan tirenmu. A 2022 masana a Amsterdam ta ƙasar Holan sun gwada jinin mutum 22, suka sami burbushin roba a jinin 17. Kafin nan likitoci a birnin Rum na Italiya sun same shi a mabiyiyar jarirai, wato tun yaro bai sha iskar duniya ba. A 2024 wasu likitocin Italiya suka duba kitsen da aka ciro daga jijiyar wuyan majinyata sama da 250, suka tarar fiye da rabinsu akwai roba a ciki, kuma waɗanda ke da ita sun fi sauran fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa a shekarun da suka biyo baya, ninki huɗu da wani abu. Su kansu likitocin ba su yanke cewa robar ce sanadi kai tsaye ba, alaƙa suka gani. Amma wa zai so a buɗe jijiyarsa a tarar da leda?

Shari'a ba ta jira sai an ƙirƙiro madubin likita ba kafin ta tsare ruwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin yin fitsari a ruwan da ba ya gudana. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu (RA) cewa mu ji tsoron abubuwa uku masu jawo tsinuwa: bahaya a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Ku lura, duk ukun wurare ne da ba na mutum ɗaya ba, na kowa ne. Ƙazantar da aka hana a waɗannan hadisai kwana kaɗan take yi ta bushe. Tamu kuwa za ta ga jikokinmu. Sannan ga ƙa'idar da ɗaliban Arba'una suka haddace tun suna yara: ba cuta, ba cutarwa. Mun haddace, amma mai shago ya share ƙofar shagonsa tsaf ya tura sharar cikin lambatu, ruwa ya zo ya rasa hanya, ya faɗa gidan wata gwauruwa a gangare ya rushe mata katanga. Shi ya kwana lafiya, bai ma san yana da hannu ba. Ranar da za a auna gwargwadon ƙwayar zarra, kamar yadda Suratuz Zalzala ta faɗa, zai sani.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar masallatanmu. Ranar Juma'a bayan an sallame, ko a azumi bayan buɗe-baki, ka dubi filin da aka yi sahu. Ledar ruwa ko'ina, wasu ma da su aka yi alwala aka bar su nan. Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri (RA) cewa an nuna wa Annabi (SAW) ayyukan al'ummarsa, ya ga cikin kyawawansu akwai kawar da abin cutarwa daga hanya, cikin munanansu kuma akwai majinar da aka tofar a masallaci ba a binne ba. Majina fa. Ina ga buhu guda na leda?

Na san akwai rabon hukuma, kuma babba ne. Talakan da ba shi da famfo ba za a ce masa kada ya sha fiya wata ba, unguwar da motar shara ba ta shiga ba za a ce kada ta tara bola ba. Kamfanonin da ke ƙera ledar suna cin riba su ma sai an tambaye su. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana farar robar zuba abinci a farkon 2024. Tattaunawar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yarjejeniyar roba kuwa an tashi baram-baram a birnin Busan na Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024, aka sake tashi haka a Geneva a 2025. Idan sai sun daidaita za mu gyara, za mu daɗe. Kuma laifin hukuma ba ya goge nawa da naka.

Uwargida, ki koma zuba alale a gwangwani, ki bar ƙunshe tuwo da zafinsa a leda, ki bar hura gawayi da ita, hayaƙin nan yaranki ke shaƙa. Maigida, ka riƙe jaka ko kwando ɗaya na cefane, ka ce wa mai kayan miya ya bar ledarsa. Ba sai an ba ka leda biyar a cefanen da bai cika ɗaya ba. Ka sha ruwa, ka matse ledar ka sa a aljihu har ka isa inda za ka zubar, ba ta da nauyi. Robobin lemo da na ruwa ku ware wa 'yan gwangwan, su sana'arsu ce, ku kuma daina raina su. Limamai da kwamitin masallaci, buhu ko ganga ɗaya a kowace ƙofa, da tunatarwa ta minti biyu a huɗuba. Matasan unguwa kuma, kafin ruwan farko ya sauka ku fito da shebur ku yashe kwatarku, sannan ku tabbata an kwashe abin da kuka yaso a ranar, kada ku jibge shi a bakin kwatar ya jira ruwa ya mayar da shi ciki.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa. Wassalamu alaikum.